Daren Da Karta Ta Kusa Raba Fadarmu A Dakoro

Duk wanda ya taɓa kwana a Dakoro cikin watan Disamba ya san irin sanyin da ke gangaro mana daga wajen kwarin Tarka da zarar an sallame sallar isha'i. Lokacin an gama kaka, gero ya shiga rumbu, wake ya cika kasuwa, masu tafiya ci-rani wasu sun tafi wasu suna haɗa kuɗin mota. Mu da aiki ya ɗaure a gari, abin da ya rage mana da dare shi ne fada. Ga ƴan uwanmu na Najeriya, fada ita ce abin da kuke kira majalisa: tabarma biyu, benci ɗaya, murhun waya da gawayi, ƴar butar shayi, sai hira. Tamu tana ƙofar gidan wani dattijo da dukanmu muke kira Baba. Ni malamin makaranta ne, don haka a fada ba mai kiran sunana, Mushe kawai ake ce mini.

Shekara da shekaru belot muke bugawa, wasan nan da muka gada daga Faransawa. Karta 32, mutum huɗu, biyu-biyu, maki 162 a kowane rabo. Ba mu taɓa sa ko dala ɗaya a kai ba. Matsalar belot ɗaya ce: mu takwas ne, wani lokaci tara, wasan kuwa huɗu yake ɗauka. Sauran sai su zauna suna hamma suna jiran a kayar da wasu.

A hutun ƙarshen shekarar bara ɗan yayata ya dawo daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi da sabon wasa a kansa. A waya ya koya, a wani wasa da ake kira Zynga Poker. Ya ce sunansa poka, kuma mutum takwas ko tara duk za su zauna a tabarma ɗaya. Karta 52 ake amfani da ita cif. Ana ba kowa biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya a hankali: uku, sannan ɗaya, sannan ɗaya. Kowa ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga nasa da na tsakiya. Tsakanin kowace shimfiɗa ana zubi. In ka ga kartarka ba ta da kirki ka ajiye, in ka ga da dama ka bi, ko ka ƙara. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne burga: mutum ba shi da komai a hannu, amma ya zuba da yawa ya murtuke fuska har mai karta mai kyau ya tsorata ya ajiye.

Kwana uku muna koyo da tsinken ashana. A rana ta huɗu wani ya ce wasan nan ba ya daɗi sai da abin da mutum zai ji zafin rasawa. Ya kawo shawarar kowa ya sa jika ɗaya, wato sefa 1,000, a ba shi tsaba, wanda ya kwashe tsabar kowa ya ɗauki kuɗin. Wani ya tambaya, to wanda tasa ta ƙare da wuri fa? Ɗan yayata ya ce akwai wannan a wasan, mutum yana iya sake sayen tsaba ya dawo. Ba wanda ya tambaya sau nawa. Ba wanda ya tambaya ƙarfe nawa za a tashi.

Ni na riƙe kaye da bik ina rubuta wanda ya biya. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na san ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida, na san abin da suka faɗa game da caca da gabar da take haddasawa tsakanin mutane. Amma na ce wa kaina jika ɗaya ce, tsakanin abokai ne, kuɗin shayi ne. Da irin wannan lissafin ake shiga.

A cikinmu akwai mai babban shago a kasuwa, wanda jika goma ba ta hana shi barci. Akwai kuma wani yaro ɗan kabu-kabu, bai wuce shekara 22 ba, babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum da safe yake kai wa mai shi kuɗin jiya. Mai shago bai daɗe ba ya gane abin da mu ba mu gane ba. Tunda yana iya dawowa ko sau nawa ne, ba shi da dalilin tsoro. Kusan kowane hannu sai ya tura tsabarsa duka tsakiya. In ya ci, ya kori mutum ɗaya. In an cinye shi, ya zaro jika ya miƙo mini yana dariya.

Daga baya na zauna na duba lissafin abin. Karta biyun da suka fi kowace ƙarfi a farkon hannu su ne as biyu, kuma sau ɗaya cikin 221 suke zuwa wa mutum. Ko su ɗin, idan suka kara da kowace irin karta biyu, suna faɗuwa kusan sau 15 cikin 100. Sauran hannuwa masu kyau kuwa tazararsu ba ta kai haka ba ko kusa. Ma'ana, komai iyawarka, wanda ke tura duka a kowane hannu zai dace da kai ko ba daɗe ko ba jima. Idan shi yana da rai bakwai kai kana da ɗaya, aljihu ne ke wasa, ƙwarewa ta koma kallo.

Ɗan kabu-kabu ya fi mai shago iya wasan nesa ba kusa ba. Sau biyu yana shiga da karta mafi ƙarfi, kartar ƙarshe ta juya masa baya. Zuciya ta ɗebe shi. Ya sake saye, ya sake, ya sake. Ina rubutawa, ina ganin hannunsa na rawa, ban ce komai ba. Shayi na uku ya ƙare tun ƙarfe 11, gawayi ya mutu, mutum biyu sun yi barci a zaune. Wajen ƙarfe 3 na dare mai shago ya kwashe komai. A kayena shi ya biya sau takwas, yaron sau shida. Jika 6, har da kuɗin mai babur a ciki.

Da safe mai babur ya karɓe makullinsa. Kafin azahar labari ya zagaya unguwa. Da yamma Baba ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure yana jan carbi, na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Mushe, har da kai? Kai da muke ba ƴaƴanmu?" Na ce, "Baba, a yi haƙuri, kuskure ne." Ya ce, "A ƙofar gidana ba a caca. Ku mayar wa kowa kuɗinsa, ko ku naɗe tabarmarku."

An mayar. Mai shago ya mayar yana gunaguni cewa shi ma ai zai iya faɗuwa, kuma da ya faɗi ba wanda zai tausaya masa. Wannan gaskiya ce, sai dai faɗuwarsa da ta yaron ba nauyi ɗaya ba ne. Ni da Baba muka je muka ba mai babur baki, ya mayar da makulli bayan kwana huɗu. Fada kuwa mako biyu tana watse. Masu goyon bayan mai shago suka koma ƙofar shagonsa, sauran kowa ya zauna gida.

A cikin makonnin nan biyu na yi ta tunanin a bar wasan kwata-kwata. Amma na san halin mutanenmu. Sun ɗanɗana, in ba a tabarmar Baba ba za su je su yi a wani lungu, inda ba dattijon da zai aika a kira kowa. Sai na shiga intanet ina karanta yadda masu abin suke shirya gasarsu. Na tarar an fara gasar duniya ta poka a Las Vegas ta Amurka a 1970, kuma a waccan shekarar ƴan wasan ne suka jefa ƙuri'a suka zaɓi Johnny Moss a matsayin gwani. Daga 1971 aka koma tsarin kora: tsabarka ta ƙare, ka tashi. Babbar gasar, wadda kuɗin shigarta dalar Amurka 10,000 ne tun 1972, ba a sake sayen tsaba a cikinta. Wato su kansu manyan ƴan caca na duniya sun toshe ƙofar da muka bari a buɗe. Na kuma ga cewa a kowace gasa zubin dole yana hawa lokaci bayan lokaci, abin da mu ba mu yi ba sam.

Bari in bayyana zubin dole, don shi ne ƙashin bayan tsarin. Kafin a raba karta, mutum biyun da ke hagun mai rabo sai sun zuba ba tare da sun ga abin da za a ba su ba. Na farko ƙaramin zubi, na biyu babban zubi, ninkin ƙaramin. Kowane hannu mai rabo yana matsawa gaba da mutum ɗaya, don haka nauyin yana zagaya kowa. Idan zubin bai hawa, ga abin da ke faruwa. A ce kana da tsaba 200, zubi kuma 1 da 2 ne. Kowane zagaye na mutum takwas 3 kawai zai ci maka. Kana iya naɗe hannu ka zauna sama da zagaye 60, wato hannu fiye da 500, ba ka buga komai ba. A fadarmu da ƙyar muke raba hannu 20 a awa ɗaya. Kwana da wuni kenan. Shi ya sa muka kai ƙarfe 3. Amma idan zubin yana hawa kowane ɗan lokaci, mai jiran as biyu zai ga tsabarsa na narkewa, dole ya fito fili.

Na ɗauki kayena na tsara, sannan na kai wa Baba kafin in nuna wa kowa. Tun ran gini ran zane. Ga abin da muka tsaya a kai.

Kuɗi ba ya shiga, ko dala ɗaya. Ba kuɗin shiga, ba kyautar kuɗi, ba cinikin tsaba tsakanin mutum biyu, ba aro, ba yin fare a gefe. Wanda aka kama ya bar tabarma wata guda.

Tsaba kuwa daga abin da garin ke da shi muka haɗa. Ƙwayar wake 1 ce, ƙwallon aduwa 5, ƙwallon dabino 25, marfin kwalba 100. Da farko gyaɗa muka sa a matsayin 5, sai da telanmu ya cinye maki 35 yana tunanin hannu, sannan muka koma aduwa. Kowa yana farawa da 200: wake 20, aduwa 16, dabino 4. Na ɗiga wa aduwa da dabinon jan fenti don kada wani ya zo da nasa daga gida, ana ƙirgawa kafin wasa da bayan wasa, a zuba a gwangwanin madara a ajiye a zauren Baba. Dalilin 200 shi ne ninki 100 ne na babban zubin farko, abin da zai ba mutum damar yin kuskure biyu ko uku bai mutu ba.

Matakan zubi takwas ne, kowanne minti 15: 1 da 2, sai 2 da 4, sai 3 da 6, sai 5 da 10. A nan ake hutu. Bayan hutu 10 da 20, sai 15 da 30, sai 25 da 50, sai 50 da 100. Ban zaɓi matakin ƙarshe da ka ba. Masu shirya irin wannan gasa sun lura cewa idan babban zubi ya kai kusan kashi ɗaya cikin 20 na duk tsabar da ke fili, wasa ya zo ƙarshe. Mutum takwas sau 200 ya ba da 1,600. A ƙara mutum uku da za su dawo, 2,200 kenan. Raba da 20, ka sami 110. To in kuna da mutum shida ko goma, ku fara da wannan lissafin, ku san inda zubi zai tsaya, sannan ku raba matakan bisa awoyin da kuke da su. Abin da za a kiyaye shi ne kada mataki ya wuce ninkin wanda ya gabace shi, in ba haka ba wasan ya zama jefa kwabo. A lokacin hutu ana kwashe wake gaba ɗaya, a canja wa kowa biyar-biyar da aduwa, tunda daga nan ba zubin da ke bukatar ɗaya-ɗaya. Waya ɗaya ce ke riƙe da lokaci. In ta yi ƙara a ƙarasa hannun da ake ciki, na gaba ya shiga sabon mataki, ba gardama.

Sai maganar dawowa bayan tsaba ta ƙare, wadda muka sa wa suna fansa. A nan aka fi jayayya. Wasu suka ce a soke ta. Ni ban yarda ba, domin mutum ya bar gidansa cikin sanyi, a minti goma na farko sa'a ta juya masa baya, a ce ya zauna kallo har dare, gobe ba zai dawo ba. Sai muka ɗaure ta da igiya huɗu. Sau ɗaya ce tak ga kowa. Sai tsabarka ta ƙare ƙarƙaf. Sai a matakai huɗu na farko, da an shiga hutu ƙofa ta rufe. Kuma da aiki ake biya: duk wanda ya yi fansa shi zai hura gawayi, ya dafa shayi na biyu a lokacin hutu, ya wanke kofuna a ƙarshe. Ana ba shi 200 kamar farko, amma ku lura, 200 a matakin 5 da 10 ninki 20 ne kawai na babban zubi. Ya dawo, amma da ɗingishi. Hukuncin ya isa.

Lokaci ma da shayi muka auna shi. Shayi na farko kafin a raba karta, ƙarfe 8 da rabi, bayan kowa ya yi isha'i ya ci tuwo. Na biyu a hutu, 9 da rabi zuwa 10 saura kwata. Na uku a tashi. In ƙarfe 11 ta buga ba a gama ba, a ƙirga tsaba, mai rinjaye ya ci. Da zarar an kori mutum huɗu, su shimfiɗa tabarma ta biyu su koma belot ɗinsu. Daren Asabar kawai ake yi. Wanda ya ci yana samun maki 5 a kaye, na biyu 3, na uku 1. Ƙarshen wata mai maki mafi yawa shi ne sarkin fada: kujerar roba guda ɗaya da muke da ita tasa ce, kofin farko nasa ne, har wata ya zagayo.

Baba ya saurara har na gama karantawa. Ya ce, "Ni dai ba na son karta, da kuɗi ko ba kuɗi. Amma in ba caca, kuma ba za ta hana ku asuba ba, ku je." Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayin ba. Akwai malamai da yawa da ke ganin karta ɓata lokaci ce ko da ba a sa komai ba, kuma maƙwabcinmu mai almajirai har gobe yana faɗa mana haka in ya wuce. Ba na jayayya da shi. Abin da na sani shi ne abin da muke yi yanzu da abin da muka yi a wancan daren ba ɗaya ba ne.

Daren farko na sabon tsari mai shago ya zo, da halinsa ya zo. Hannu na uku ya tura duka, tela ya bi shi, ya tashi ba ko ƙwayar wake. Ya sa hannu a aljihu bisa sabo, sai ya tuna. Na ce, "Alhaji, fansa ɗaya ce, kuma ga mafici can." Fada ta kwashe da dariya. Mutumin da ke da yara uku a shago ya durƙusa yana fifita gawayi, hayaƙi na shiga masa ido, yana cewa wannan tsarin na Mushe zalunci ne. Da ya dawo da 200 ɗinsa ta ƙarshe, sai ga shi yana ajiye karta, yana tunani, yana kallon fuskokin mutane. A daren ne ya fara koyon wasan. Tela ne ya ci, ƙarfe 11 saura minti 20.

Ɗan kabu-kabu bai zo ba a makon, bai zo a na biyu ba. A na uku ya zo ya zauna a bakin benci yana kallo. Da aka zo hutu mai shago ya miƙa masa kofi da hannunsa ya ce, "Ƙane, karɓi, ni na dafa." Ya karɓa. Asabar ta gaba ya nemi tsabarsa.

Ba komai ne ya gyaru ba. Waɗanda suka ce burga ba ta da haƙori in ba kuɗi suna da ƴar gaskiya, don akwai mai bin kowane zubi yana cewa ai wake ne. Makin wata ya rage wannan, bai kawar da shi ba. Mutum ɗaya kuma ya bar mu gaba ɗaya, ya ce wasan yara muke yi, yanzu a waya yake zuba kuɗinsa kan ƙwallon Turai. Ina ganinsa a kasuwa muna gaisawa, ban san yadda zan dawo da shi ba.

Ga duk wata fada ko majalisa da wannan wasan ya shigo, daga Kornaka har Katsina, shawarata ita ce ku zauna ku yi maganar nan kafin a raba karta ta farko, lokacin da ba wanda ya ci ba wanda aka cinye. Ku cire kuɗi. Ku faɗi sau nawa ake dawowa da kuma lokacin da ƙofa ke rufewa. Ku rubuta matakan zubi a takarda kowa ya gani. Ku sa lokacin tashi. Kuma wanda ke riƙe da kaye ya riƙa ɗaga kai yana duban mutanen da yake rubutawa, kada ya yi irin shirun da na yi.

Allah ya kiyaye mana zumunci, ya raba mu da abin da zai sa mu kasa haɗa ido da safe.